Ɗakin da Baba Issufu mai karo ya shimfiɗa mini

Ina kan keken ɗinki da hantsin ranar Talata, a shagona na Madawa, wayar yayana Sani ta shigo. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Hadiza, sai haƙuri. Baba ya cika yanzun ga, bayan ya sha kunu." Na yi salati, na rufe shagon, na nemi motar Buza.

Mutanen Buza da Madawa sun san mahaifinmu da sunan Issufu mai karo, don shi ya shimfiɗa karo, wato tayil na daɓe, a shaguna da gidaje da dama na garuruwan nan. Mutum ne marar yawan magana, wanda yakan durƙusa ya shafa daɓe da tafin hannu, ya miƙe ya taka shi da ƙafa, kafin ya ce aiki ya ƙare. Yakan ce, "Ido na yin ƙarya, ƙahwa ba ta yi."

Ni kuwa abin da na sani game da shi ya fara ne da ciwona. Ina da shekara bakwai farfaɗiya ta kama ni. Takan kayar da ni ba sanarwa, kuma ɗakinmu siminti ne. Tabon da ke goshina daga nan na samo shi. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu cin abinci da ni, wai ana ɗauka ta miyau. Baba shi ke tallabe kaina, ya share mini baki da gefen rigarsa a gaban kowa. Ya kai ni likita aka ɗora ni a kan magani, amma faɗuwar ba ta daina nan da nan ba.

A shekarun nan yakan tafi cin rani Aljeriya. Can arewa, kusa da teku, ya yi aiki a gidan wani tsoho inda aka sa shi shimfiɗa wani abu da ake kira liyej. Ɓawon wani itace ne, a niƙa shi, a matse shi fale-fale kamar karo, ga taushi ga rashin nauyi. Baba ya ce ranar da guduma ta suɓuce masa ta faɗi a kai ba ta yi ƙara ba, ni ya tuna.

Da ya tashi dawowa, abokan tafiyarsa sun ɗauko rediyo da barguna. Shi ya ɗauko kwalaye huɗu na ɓawon itace, ya ratsa hamada da su a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ta Tamanrasat da Agadas, yana zaune a kansu kada a sauke masa su a hanya. Inna ta buɗe kwali ɗaya, ta dube shi ta ce, "Malam, mi ne ne wanga? Shekara guda kana waje, ɓawo ka kawo muna?"

Ya ce, "Bari dai ki gani, Rabi."

Wani ɗan kasuwa a Madawa ya ji labari, ya zo har gida yana so a shimfiɗa masa a sabon kantinsa. Baba ya ba shi tabarma da ruwa, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, wanga yana da mai shi."

Kwana shida ya yi a ɗakina. Ya goge simintin har ya yi sumul, ya zuba maganin gara a gefen bango, ya manna fale-falen liyej ɗin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ce, "Taho ki taka, ɗiyata." Na taka. Ban taɓa jin ƙasa ta karɓi ƙafata haka ba. Ba sanyi, ba tauri, ko takuna ba na ji. Ya gaya mini itacen ba ya mutuwa in an ɗaye shi, sai ya sake yin wani ɓawon bayan shekaru. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya yi itacen da ke tuɓe rigarsa ya ba mutum, ya tsaya ya jira wata." Na faɗi sau da yawa a ɗakin nan, amma ban ƙara zubar da jini ba.

Da aurena ya zo, ya ɗauki wuƙar aikinsa ya ɗago fale-falen ɗakina a hankali. Wasu suka karye, ya yanke gefensu ya haɗa, ya shimfiɗa a ɗakin da zan zauna a Madawa. A lokacin gwiwoyinsa sun fara ciwo, sai an kama shi yake miƙewa. Mijina ya ce a kira wani ya yi. Baba ya ce, "In na bar ma wani, ba ni barci." A kan wannan shimfiɗar 'ya'yana uku suka koyi tafiya.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Issufu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna haƙurin rashin abokin zamanta, ka haɗa kanmu ni da Sani da ƙannenmu a bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.