Fuskar da ta Goge a Kaset ɗin Hajiya

Akwai wata la'asar a unguwar Dokki da har in mutu ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina karatu a Alƙahira, ina haya a gidan wata tsohuwa Bamisiriya wadda idonta ya mutu, ina kiranta Hajiya. Ni kuwa a shekarun nan ɗan ƙaƙale ne, mai taƙama da cewa bakina bai san ƙarya ba.

Mijinta ya rasu tun da daɗewa. Yana saurayi ya yi karatu a Ingila, har ya taɓa fitowa a irin wasannin talabijin ɗinsu na farko, marasa launi, waɗanda ake nunawa kashi-kashi duk mako. A matsayin bara ya fito, aikinsa buɗe ƙofa da kawo faranti kawai. Wani ɗan'uwanta ne ya naɗo mata a kaset da aka maimaita wasan, kuma nan kaɗai take da shi yana motsi.

Ranar ta kira ni falo. Tagogi a rufe, kofin shayi biyu a kan tebur, na biyun kuwa ba nawa ba ne.

"Yalla ya ibni, zo ɗana, zauna ka zama idona," in ji ta.

Ta danna na'urar ba tare da lalube ba. Wani ɗaki ya bayyana, Turawa uku na magana ƙasa-ƙasa, agogon bango na bugawa. Sai aka ƙwanƙwasa. Hajiya ta gyara mayafinta.

Ƙofa ta buɗe, mutum ya shigo. Ga kafaɗu, ga hannu riƙe da faranti, amma daga wuya zuwa sama babu komai sai wani farin dishi-dishi yana rawa. Yawan mayar da wurin baya ya cinye kaset ɗin daidai kansa. Abin ya juyo ya fuskance mu, ya tsaya.

"Yana murmushi, ko?" ta tambaya.

Da na yi shiru ma da ya fi. Sai na buɗe baki na ce, "Hajiya, ma'alish, ki yi haƙuri, fuskar ta goge. Ba a ganin komai."

Agogon Turawan nan na ta bugawa. Can ta miƙa hannu ta kashe.

"Na sani," ta ce a hankali. "Tun ina gani ta fara gogewa. So na yi wani ya ce mini yana nan."

Ta ɗauki kofi na biyun ta nufi kicin, ina ji ta zubar. Na ƙara wata bakwai a gidan, ban sake jin ƙarar kaset ɗin ba.

Har yau abin na ci mini rai. Ba sai na yi ƙarya ba, da na ce mata ga shi ya shigo, ya tsaya yana fuskantarki, duk gaskiya ne. A ranar na koyi cewa kafin in amsa tambaya, in fara duba abin da mai ita yake roƙo.