Harafi Ɗaya a Cikin Toka

Rubuta yadda na faɗa maka, Malam Isa, ko da kuka ya katse ni.

A Bungudu na tashi, a hannun kakata Inna Ai, Turawa ba su daɗe da shigowa ba. Da rana matan unguwa take koya wa karatu. Bayan magariba kuwa tamu ce: ta tura kara a murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Duk waɗanda muka sha ɗumin wutar nan, ni kaɗai na rage.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta manoma biyu ce a gindin dutsen Tsafe. Na farko ya ga hadari ya haɗu, ya ruga ya zuba geronsa a busasshiyar ƙasa. Hadari ya watse, zabi suka tone irin tas. Na biyu ya zauna ana yi masa dariya, sai da ya tsoma yatsa a ƙasa ya ji laima, sannan ya shuka. Shi ya cika rumbu.

"Haka karatu yake," in ji ta. "Kunne ake fara jiƙawa. Wanda bai ƙoshi da ji ba, in ka ɗora mashi allo, zabi ka ciyar."

Na ce, "Inna, ni fa na jiƙu."

Ta yi dariya. "Ke? Yayyafi dai, uwar gaggawa." Amma ta baje toka da tafin hannu, ta ja harafin ba da tsinke, ta sa masa ɗigo a ƙasa. "Riƙe wanga. Saura sai an yi girbi."

Ba ta ga girbin ba.

Aure ya kawo ni Gusau. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sha cewa zai koya mini sauran haruffan, ni ce mai cewa gobe. Da ciwo ya riƙe masa harshe, sai ya rubuta mini takardar nan da ajami. Shekara biyu ke nan tana ƙarƙashin matashina. Na hana kowa gani, wai ni zan karanta abina. Kullum in bi ta da yatsa, in tsinci harafin ba nan da can, sauran duk duhu.

Na daɗe ina ganin laifin Inna, da ta tsaya jiran laima har mai shukar ta tafi. Yanzu ido ya soma dushewa, kunnen da ta jiƙa shi kaɗai ya rage mini.

Ajiye alƙalamin, Malam. Ga takardar maigidan, karanta mini a hankali. In ka zo kan harafin ba, ka dakata, wannan ni zan faɗa.