Ƙasar da Malam Arzika Ya Bari a Takur

Shekara arba'in Malam Arzika yana noma gero da wake a gonar gado a bayan Takur, layin gero, layin wake, kowanne yana samun rabonsa. Shi kuwa ya ɗauka hannunsa ne mai albarka, har yakan faɗa a majalisa ba wanda ya tambaye shi.

Da gari ya cimma gonar, 'yan'uwa suka matsa aka sayar, aka yanka filaye. Ya sayi wata a wajen Taura wadda ta ninka waccan faɗi. Ya kwashi garma da iri, har tulun da yake ajiyewa a gindin gawo. Ƙasa kaɗai ya bari, don wa yake ƙaura da ƙasa?

Damina uku gonar tana ba shi kunya. Wake ya yi rawaya ya tsugune, gero ya danne shi, wuta-wuta kuma ta bi geron ta gama da shi. Rumbu bai taɓa kai su bazara ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai: ba gonar komawa, wannan kuma ba mai saye.

'Yarsa Raihana, mai karatun aikin gona, ta tumɓuke wake ɗaya ta nuna masa saiwar, sumul.

"Baba, na Takur ba su da ƙulle-ƙulle a saiwa?"

"Da su mana. Ai ni ciwo na ɗauka."

"Ba ciwo ba ne. Wasu ƙananan halittu ne a ƙasa suke yin su, ido ba ya ganin halittun. Su suke ciyar da wake, gero ma ya samu. Nan kamar sun ƙare. Da za a samo ƙasar can a barbaɗa a ramin shuka, wataƙila su kama."

Da ruwan shuka ya sauka, Malam Arzika ya hau mota zuwa Takur da buhu biyu. Da duwatsu ya gane wurin, don an sare gawon. Gidan bene ya tarar, an malale tsakar gidan da siminti har bakin katanga. Maigadi ya ce ai ƙasar sama tifa ta kwashe tun kafin a fara gini.

Malam Arzika ya tsuguna ya kankari gindin katangar da farce, jan burji ne kawai. Ya ninke buhunansa ya saka a hammata, ya daɗe bai miƙe ba. A Taura kuwa, Raihana ta gama sare ramuka layi-layi, ta bar su a buɗe tana jiransa.