Tafin Inna a Bakin Turmi

Ko na manta komai na shekarar farin nan ta zamanin soja, ba zan manta da ranar da muka ɗauki Inna hoto tana daka ba.

Lokacin ina gyaran rediyo a Tasawa, ita tana ƙauyenmu wajen Korgom, ciwo ya cinye ta. Da ƙuruciyarta, in tana daka, sai ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Rannan ta ce mini, "Ɗiyanka ba su san ni ba sai kwance. Ina so su gan ni tsaye."

Na samu abokina mai hoto. Ya ce kyamararsa ba ta kama taɓarya a iska, sai an duhunta ɗaki, an bar idonta buɗe, fitilar hoto ta walƙa daidai lokacin tafin. Yatsan mutum kuwa bai da wannan saurin. To, ni da taurin kai! Na ciro mikro mai ɗaukar sauti daga wata matacciyar rakoda, na haɗa da pil, wato batir, da tarkacen rediyo, na ɗaura wa fitilar. Da ta ji tafi sai ta haska, babu waya tsakaninta da kyamara balle taɓarya ta sarƙe. Na yi ta tafi a shago kamar taɓaɓɓe, maƙwabta na dariya.

Mun isa ƙauye da hantsi ni da mai hoton, muka toshe ƙofa da tabarmi. Inna ta miƙe da ƙyar. Taɓarya na sauka, ƙwam, fitila ta haska tun ba ta cilla ba. Aka sake, haka. Ashe turmin da ba komai ciki ya fi tafi ƙara, gidanmu kuwa babu ko ƙwayar hatsi. Inna ta jingina da bango tana haki, fim ɗin abokina ya kusa ƙarewa. Wallahi kamar in fashe da kuka.

Wata maƙwabciya, tsohuwar abokiyar dakanta, ta leƙo. "Mi ya hana?" Na gaya mata. Ta fita. Jim kaɗan sai ga ta da mata, kowace da ƙulli a bakin zane. Irin gero ne da suka ɓoye wa damina, wanda ko yara na kukan yunwa ba a taɓawa.

Na ce, "Haba Iya, iri ne fa!"

Ta ce, "Kai dai gyara fitilarka."

Suka juye a turmi. Taɓarya ta sauka dim, dim, fitila shiru. Inna ta cilla, ta tafa, ɗaki ya haska. A wannan ƙiftawar na ga haƙoranta, dariya take.

Ba ta ga damina ba, Allah Ya jiƙan ta. Na daɗe ina taƙama ni na haɗa abin da ya yi hoton nan. Sai da na manyanta na gane nawa tarkace ne na tsinta, su kuwa abincin baɗi suka zuba don tsohuwa ta yi dariya sau ɗaya. Tun daga nan, in an yi mini alheri, nakan fara duba abin da ya rage a hannun mai bayarwa.