Kukan Keken Metir

Shagon ɗinkin Baba yana titin Koudoukou, kuma maganar gaskiya, kafin zuwan Metir ƙuda kawai muke kora. Metir ɗan Senegal ne, gwanin surfani, Baba ya ɗauko shi aikin shekara ɗaya. Wata biyu kacal shadda ta cika mana kanta, har daga unguwar Miskine ake kawowa. Sai dai duk wanda ya shigo, tambayarsa ɗaya: "Ina ɗan Senegal ɗin?" Nan na gano wasan. Duk ran da ya tafi, kasuwarmu za ta bi shi.

Na ce ba da ni ba. Ina dawowa daga jami'a sai in saita waya a kan hannunsa, in ɗauki bidiyo, in ɗora kiɗa mai zafi, in manna a sitatus shap-shap. Shi nake kallo ina kwaikwayo a ƙyalle. Amma duk wuyan rigar da na yi sai ya tattare kamar fatar ganda.

Wata rana ya karɓi wayar ya kalla, ya yi dariya.

"'Yar Alhaji, hannuna ya yi kyau. Ina kukan keken?"

"Metir, wa zai kalli ƙarar keke? Ai sai da kiɗa."

"To kiɗan ya koya miki. Ni da kunne nake ɗaure zare."

Ya sa na rufe ido, ya taka keken. Zare ya yi tauri, kukan ya siranta. Ya sassauta, kukan ya koma kamar mura. Sai ya murɗa kaɗan, na ji wani sauti sumul a tsakani.

Daga ranar na sallami kiɗa. A kan moto ma kukan keke ne a kunnena, ƙawayena suna cewa na zare. Ƙyallen da na ɓata ya cika buhu, Baba kuwa ƙaro min kawai yake.

Da Metir ya koma gida, rigar farko da na yi wa surfani ta wani dattijo ce mai sayar da ƙarafa, mutum mai tsirfa. Ya zo karɓa, ko gaban bai duba ba, ya juya cikin wuyan yana shafawa da babban yatsa. Ni dai na riƙe gefen tebur.

Ya ce, "Alhaji, ashe mutumin naka bai tafi ba?"

Baba ya nuna ni da haɓa.

Dattijon ya dube ni, ya sake duban wuyan. Sai ya zaro wata shaddar daga leda ya ajiye a gabana.

"Juma'a nake so."

Na ce, "Alhamis, Baba."