Jar Hula a Ƙofar Akwati

A gidan waya na garin Lafiya, da hantsin Litinin, idona ya kasa barin wani gajeren dattijo mai farin gemu. Na ji ana ce masa Baba Na'Allah. Gidaje goma sha biyu na unguwar Bukan Sidi ne ke tarayya a akwatin wasiƙu guda, kowane gida da makullinsa. Shi ya kafa musu doka: wanda ya buɗe ya rataya hularsa a ƙofar akwatin, mace kuma gyalenta, kada kowa ya sa hannu sai an sauke.

Yau tasa ce a rataye, ja, duk ta koɗe. Yana zaune a dakali yana rarraba wasiƙu a cinyarsa, yana lasar yatsa. Ina zaton hannu biyu sun taɓa haɗuwa a akwatin nan, wasiƙarsa ta bi wani gida ba ta dawo ba.

Wata mai sayar da gishirin Keana ta kasa tsayuwa wuri ɗaya.

"Baba, don Allah, takardar makarantar 'yata nake jira."

"Rekiya, kin ga hula ko ba ki gani ba?"

Ta yi dariya ta ja baya. Can ya miƙo mata ambulan, ta buɗe, ta rangaɗa guɗa.

Murna ta kwashe shi, ya raka ta har titi, ya haye kekensa ya tafi, kai ba hula. Ga mutum uku nan tsaye da makullansu, suna kallon hular. Har na bar wurin, ba wanda ya taɓa ta.