Mai Zanen da Ya Ari Fuskar Yayana

A Legas na fara ganin abin, ba a gida ba. Mun sauke shanu da safe, ina jiran a wanke tirela, sai na tsaya wurin mai sayar da jarida, inda mutane kan taru su karanta kyauta a tsaye. Wani Bayarabe a gefena yana ta dariya, ya miƙo mini shafin baya. Zanen barkwanci ne, irin wanda ake yi wa masu mulki shaguɓe da shi. A ciki akwai wani mutum da ake kira Dillali, yana sayar wa mutum biyu rijiyar burtsatsen wani ƙauye a lokaci guda. Ban yi dariya ba, domin fuskar yayana ce.

Ba kama ba ce ta tsautsayi. Ga dogon wuyan, ga siririn gemun da ya ɗan karkace hagu, ga kunnen dama da ƙahon bijimi ya tsaga tun muna yara. Har yadda yake gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa a kai, duk an sa. Tumbi kawai aka ƙara masa, abin da bai taɓa ajiyewa ba.

Yayana dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi ta Potiskum, kuma fatoma, wato mai saukar da baƙin 'yan kasuwa. Masu saye daga kudu a gidansa na Dogo Nini suke kwana, shi ke kai su gaban masu shanu, shi ke tsaya musu. In aka gano bijimi na sata ne bayan an kai shi Anacha, ba makiyayin za a nema ba, shi za a nema. Ba shi da shago, ba shi da mota. Mutum zai dubi fuskarsa ne ya yarda ko ya ƙi, sana'ar ke nan gaba ɗaya.

Na san wanda ya yi zanen tun kafin in duba sa hannun da ke ƙasa. Ɗan tsohon maƙwabcinmu ne a Hausari, iyayensa Barebari ne da suka zo daga Borno, ubansa mai ɗinkin hula. A bayan tireloli ya koyi aiki, yana zana zaki da mikiya da jirgin sama a garejin bakin hanya. Ba zan hana shi abin da Allah ya ba shi ba. In ya kalle ka sau ɗaya, ya ɗauke ka ke nan. Daga gareji ya tafi Kaduna, daga can Abuja, ya samu shafi a wata jaridar Turanci, daga baya har ta Hausa tana ɗauka. Aka riƙa kiransa marar tsoro, ana ba shi lambobin yabo.

Wannan kalma ta marar tsoro ita ta fi ci mini rai. Na yi fatauci har Abidjan da Dakar da Njamena, na zauna Duwala, kuma ina karanta Faransanci daidai gwargwado. A can na ga masu zane suna sa shugaban ƙasa a shafin farko da hancinsa da haƙoransa, yaro ma ya gane shi. A Duwala akwai wani da muke cin abinci wuri ɗaya, yana ɗingishi saboda dukan da ya sha a kan zane, kuma bai daina ba. Namu bai taɓa zana fuskar da za ta iya turo masa ɗan sanda ba. Duk wanda ya ci kuɗin asibiti, ko ya sayar da filin makaranta, sai a wayi gari Dillali ne ya yi. Ɓarayin suna karantawa suna dariya tare da kowa, don babu hancin ɗayansu a ciki.

Da na dawo gida na tarar jaridar ta riga ni. An manna shafin a rumfar mai shayi ta bakin kara. 'Yan lodi in sun hango yayana sai su ɗaga murya su tambaye shi nawa yake sayar da asibiti yau, ko akwai ragowar gada. Shi kuma ya ɗaga musu sanda ya ce su kawo iyayensu ya yi musu kuɗi, a kwashe da dariya. Mutanen gari sun san shi, a wurinsu abin bai wuce nan ba. Baƙi ne matsalar. Sabon mai saye zai sauko daga mota, a nuna masa fatomansa, ya dube shi, ya dubi abokinsa, su yi magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ina jin Yarabanci, na kuma tsinci Ibo kaɗan, don haka ni na san abin da suke cewa. Shi bai sani ba, amma yana gani.

Na ce masa mu je mu yi magana. Ya ce da wa? Yaron Babarbare ne, mu Fulani. Wanda bai san ƙasarmu ba sai an yi masa bayani: tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kakanni. Babarbare zai tare ka a kasuwa ya kira ka Fulata, bawansa, ya ce ka fi son saniya da uwarka, kai kuma ka ce masa kaza ce ta yi masa tsagen fuska. Ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma har jikokinsa za su ji labari. Na ga irin wannan a Bamako da Wagadugu, na ga yana kashe rigimar da alƙali ba zai iya ba. Amma ko'ina na gan shi, ido da ido ake yi, kuma wanda aka taɓa yana da bakin ramawa nan take.

Yayana ya ce, "In na nuna ya dame ni, na ba shi biyu ke nan. Bar shi."

Ban bar shi ba. Da mai zanen ya zo gida hutun Sallah na same shi a zauren ubansa, abokansa na Abuja kewaye da shi. Na yi masa magana da Barbarci, a hankali, don kada baƙinsa su ji. Sai ya juya gare su ya amsa da Hausa, da ƙarfi.

"Kun ji ko? Fulata ya koyi yaren iyayengijinsa. Baba, zauna, yau na 'yanta ka."

Suka yi dariya. Na jira suka gama, na ce ya fito waje. A bakin ƙofa na gaya masa baƙin yayana sun fara janyewa, na roƙe shi ya sauya fuskar, ko kunnen kaɗai ya gyara. Ya ce edita ba zai yarda ba, masu karatu sun saba. Ya ce ai ya kamata mu gode masa, ya mai da Bafillatanin kara sananne har Fatakwal. Na tambaye shi me ya hana ya zana waɗanda suka yi satar da fuskokinsu, tunda ya san su. Nan dariyar ta ɗauke. Ya duba hagu da dama.

"Baba, ina da 'ya'ya."

"Shi wanda ka zana fa, itatuwa ya haifa?"

Ya dafa kafaɗata, ya ce Fulani akwai riƙo, ya koma ciki.

Na kai maganar gaban dattawan unguwa. Suka saurare ni da kyau, sannan ɗayansu ya ce tun da yake bai taɓa jin an yi shari'ar wasa ba. Wani ya ce shi dai zanen mutum ma bai kwanta masa ba, amma wannan wata magana ce daban. Aka yi addu'a aka tashi.

Yayana ya gwada ramawa ta hanyar da ya sani. A wani bikin suna, mai zanen yana zaune cikin manyan baƙi, sai yayana ya zo ta baya ya cire masa hula, ya ɗaga ta sama ya fara cinikinta kamar tsohuwar saniya. Ya buɗe cikinta wai yana duba haƙora, ya shinshina, ya ce tana da ciwon huhu, mai ita ma ba a san asalinsa ba. Ban taɓa ganin an yi dariya a taro kamar ranar ba, har mai hular hawaye yake. Da muna komawa gida yayana yana tafiya kamar saurayi. Ni ina lissafin cewa waɗanda suka ji iyakarsu waɗanda rumfa ta ɗauka. Ba a jima ba jarida ta fito da Dillali ya fizge hular wani talaka yana gwanjonta, talakan na kuka.

Bayan wannan ne yayana ya aske gemunsa. Dattijon da ya haura sittin, gemun da ya bari tun auren fari. Ya ce wa iyalinsa ƙaiƙayi yake masa. Ya ajiye sandar, ya koma naɗa rawani yana rufe kunne. Na gan shi a kara hannuwansa na lilo, bai san inda zai sa su ba. Ban san wanda ya kai labari Abuja ba. Abin da na sani, wata bai cika ba Dillali ya fito babu gemu, da rawani, wai ya ɓad da kama don masu bincike na nemansa. An ce wannan zanen yana cikin waɗanda aka fi yabawa.

Ina ganin mai zanen bai ƙi yayana ba, kuma wannan ne ya fi muni a wurina. Da ƙiyayya ce da an san inda za a kama. Shi dai ya samu mutumin da ba zai kai ƙara ba, ba zai yi fushi ba, kuma al'ada ta ɗaure masa baki, sai ya zauna a kansa shekara da shekaru yana ci.

Da wayoyi suka yawaita abin ya bar takarda. Aka yanko kan Dillali ana aika wa juna duk lokacin da ake son a ce wani macuci ne. Yaran da ba su taɓa riƙe jarida ba sun san fuskar. Jikar yayana ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci, sai da uwarta ta matsa ta faɗi abin da aka nuna mata. A kara kuwa tsofaffin baƙinsa suna mutuwa ko suna barin harkar, 'ya'yansu da suka gaje su suna sauka wasu gidaje. Ɗayansu ya zo har gida ya ba shi haƙuri, ya ce shi ya san ubansa ya yarda da shi, abokan haɗin gwiwarsa ne hankalinsu bai kwanta ba. Yayana ya raka shi har bakin titi, ya nuna masa fatoman da ya fi amincewa da shi. Daminar da ta biyo baya ya bar wa ɗansa wurin tsayuwarsa a kara, ya koma gonarsa ta wajen Yindiski.

Dillali ya daina fitowa daga baya, amma ba don mu ba. Ɗaya daga cikin manyan da ake cewa da su zanen yake ya naɗa mai zanen mai ba shi shawara kan yaɗa labarai. A zane na ƙarshe Dillali ya tuba, ya ɗauki buta ya bi hanya.

Ina gonar ranar da mai zanen ya zo. Bayan la'asar ne, muna zaune gindin darbejiya ana ɗaure damin gero. Mota ta tsaya, ya fito da babbar riga, direba na biye da shi da kwalin kaya. Tun daga nesa ya fara.

"Ina bawan nan nawa? Fulata, fito ka yi godiya, na sake ka!"

Yayana ya miƙe. Ya sa aka ɗauko sabuwar tabarma daga ɗaki, ya shimfiɗa da hannunsa, ya koma gefe ya zauna a ƙasa.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe. An zo lafiya? Ina iyali?"

Mai zanen ya yi dariya, ya ce yau kuma sabon salo ne. Ya ce gero ya fi shanu sauƙin sata ko? Yayana ya ce gero ya yi kyau bana, alhamdu lillahi, ya tambaye shi ya aiki, ya manya. Mai zanen ya sake jefa wata zolayar, a kan rawani. Yayana ya ce Allah ya taya riƙo, ya sa a gama lafiya. Aka kawo ruwa da fura, ya miƙa masa da hannu biyu, kansa a sunkuye, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba.

Na zuba wa mutumin ido. Ya riƙe ludayi bai sha ba. Ya juyo gare ni ya ce da Barbarci, murya ƙasa, wai in ce wa yayana ya zage shi mana, ko sau ɗaya. Na amsa masa da Hausa cewa ban gane abin da yake faɗa ba.

Bai daɗe ba ya ce zai koma kafin duhu. Yayana ya raka shi har mota, ya yi masa godiyar kaya, ya tsaya har suka hau hanya. Da ya dawo ya ce a kai kwalin gidan liman a raba wa mabukata, ya naɗe tabarmar, muka ci gaba da ɗaurin gero.